Tauraron da Ya Ƙi Ɓuya a Gonar Surukina

Dutse, kafin asuba

Ladan bai yi kiran farko ba na gama ɗaure kayana. Jaka ɗaya ce ta tufafi, sauran duk na madubin hangen nesa ne: bututunsa da na naɗe a bargo, ƙafafunsa uku, batir, da kwamfuta. Hajara, matata, ta tsaya a bakin ƙofa da kofin kunu tana kallona kamar mai shirin ƙaura.

"Duk wannan don ganin tauraro ɗaya?" in ji ta.

Na ce, "Ba ma ganinsa ba, ɓuyansa."

"To, Allah ya ɓoye shi lafiya. Ka gaida su Baba. Ga sabulu da sukarin Inna nan, kada ka bar su a mota yadda ka saba."

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a Dutse, kuma kallon sama ya zame mini ciwo tun ina saurayi. Abin da ya tashe ni da wannan asubar shi ne, can bayan duk duniyoyin da ke zagaya rana akwai wasu manyan dunƙule na ƙanƙara da dutse, suna tafiya cikin duhu. Nisansu ya sa ko manyan madubai ba sa iya auna girmansu sosai. Amma jefi-jefi ɗaya daga cikinsu yakan gifta ta gaban wani tauraro, sai tauraron ya ɓace na ɗan lokaci ya dawo, kamar mutum ya wuce tsakaninka da fitilar maƙwabci. Idan mutane a wurare daban-daban suka auna tsawon ɓuyan, sai a haɗa a gane faɗin abin da siffarsa. Masu lissafin suka ce inuwar wani irinsu, wanda ko suna ba shi da shi sai lamba, za ta ratsa ta ƙasarmu a wannan daren bayan isha'i, kuma gefen inuwar zai faɗi wani wuri a tsakiyar Jigawa. Abokina Malam Nura da ke koyarwa a Kafin Hausa shi ya raba mana wurare. Da ya duba taswira, nawa rabon ya faɗa daidai ƙauyen su Hajara a ƙasar Miga.

Na yi murna, amma gabana ya faɗi. Surukina Baba Alaramma mai makarantar allo ne, mutum mai ƙarancin magana. Lokacin da na nemi aure, tambaya ɗaya ya aiko a yi mini: wannan kallon taurarin, ba dai duba ba ne? Aka ce masa a'a, karatun boko ne. Ya ba ni 'yarsa, bai sake ta da zancen ba. Shekara goma da ɗoriya abin da ke tsakaninmu gaisuwa ce kawai: in tuɓe takalmi daga nesa, in durƙusa, in sunkuyar da kai, ya tambayi yara, ya sa albarka, in tashi. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa ɗaga murya inda zai ji ba. A raina na daɗe ina son ko sau ɗaya ya san cewa mijin 'yarsa ba zaman banza yake yi a tsakar gida da daddare ba.

Daga tasha zuwa Jahun

Bayan sallar asuba na isa tasha. Ɗan kamasho ya dubi bargon nan mai tsawo, ya dube ni.

"Malam, gawa ce?"

"Madubi ne. Ba ya shiga but, kuma ba a ɗora masa kaya."

"To ai ya zama fasinja. Kujera biyu za ka biya."

Na biya ban yi gardama ba. Haka madubin ya samu gefen taga, ni mai shi na matse a tsakiya tsakaninsa da wani mai sayar da buhunan wofi. Kaka ce, damina ta wanke sama ta tafi. Muna wuce Shuwarin gari ya fara wayewa, ko'ina dammunan gero a jere, dawa ta sunkuyo tana jiran yanka. Ban kalli gonakin sosai ba, idona yana sama yana neman gajimare. Babu ko ɗigo.

Gaba da Kiyawa aka tsayar da mu a shinge. Jami'in ya leƙo, idonsa ya sauka a kan fasinjana, ya ce a fito da shi. Na kwance bargon a bakin titi, 'yan mota suka ja da baya, don gaskiya bututun ya yi kama da abin da ake tsoro. Na kafa shi, na saita wata kuka da ke can nesa, na ce ya leƙa. Ya leƙa ya daɗe.

"Ai kukar a kife take!"

"Haka yake nunawa, ranka ya daɗe. A sama babu ruwan kowa da kife."

Ya kira abokin aikinsa shi ma ya leƙa, direba ma ya sauko ya ce sai ya gani. Da ƙyar na raba su da shi. Suka yi mana fatan sauka lafiya, direban kuwa daga nan har Jahun bai sake kirana da komai ba sai "Malam mai igwa". A Jahun na karya da ƙosai mai zafi da kunun tsamiya a bakin tasha, ina riƙe da bargon da hannu ɗaya.

Kafin Hausa

Da hantsi na sauka. Gari ya cika da ɗalibai da 'yan acaɓa, kowa yana sauri. Malam Nura ya tare ni a ƙofar gidansa da waya a kunne, yana magana da wanda zai tsaya a Dutse. Kyamarori biyu gare shi, irin waɗanda ake maƙalawa a madubi su riƙa ɗaukar hoton tauraro a jere, kowane hoto da lokacinsa. Ɗaya ya ba ni aro, kuma don ita na yi wannan zagayen.

Muka gwada komai a falonsa har sau biyu. Ya nuna mini tauraron a taswira, wani ɗan ɗigo da ido ba ya gani, a gefen wasu uku masu kama da murhu.

"Ka fara ɗauka tun da sauran lokaci," in ji shi. "In ka danna, ka cire hannunka. Ita za ta yi aikinta, ba ta bukatarka. Abu ɗaya ne maƙiyinka, haske. Tauraron nan ya yi rauni, ko fitilar mashin ta haska bakin bututun, hoton ya zama farar takarda."

Ya ɗauko tocilata ya ɗaure mata jar leda a baki, ya ce jan haske kaɗai aka yarda da shi. Maganar nan tasa, cewa kyamarar ba ta bukatata, na ji ta da kunnena, na kuma gyaɗa kai. Ina ma a ce na riƙe ta.

Matarsa ta aiko mana da shinkafa da wake da mai da yaji. Muka ci, muka yi azahar, ya raka ni tasha. Motar da za ta bi ta wajen Miga mutum uku ne a ciki, kuma ba ta da niyyar cika, sai na koma Jahun na canja wata.

Miga zuwa ƙauye

Ya'u ƙanin Hajara yana jirana a Miga da mashin ɗinsa. Magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, amma tsakanina da shi sai tsokana.

"Boka ya iso!" ya ce da ƙarfi, har masu shaguna suka waiwayo. "Ka duba mini ko zan samu kuɗin sabuwar taya bana."

"Na duba tun a mota. An ce sai ka daina bashi."

Muka ɗaure ƙafafun madubin a baya, na rungume bututun, muka shiga hanyar burji, daga nan muka faɗa yashi. Sau biyu na sauka na taka da ƙafa. Muka wuce garken shanu da ke kiwo a gonakin da aka girbe, da amalanke ɗauke da karan dawa. La'asar sakaliya muka shiga gari.

Baba Alaramma yana zaune a kan buzu a ƙofar zaure, ɗalibai kewaye da shi. Na tuɓe takalmi tun daga gindin darbejiya, na ƙarasa na durƙusa.

"Malam, an zo lafiya? Ya mutan gidan? Ya yaran?"

"Lafiya ƙalau, Baba. Suna gaisuwa."

"Madalla. An ce wani aiki ya kawo ka."

"E, Baba."

"To, Allah ya ba da sa'a."

Shi ke nan. Na so in ce wani abu, in yi masa ko ɗan bayani, bakina ya ƙi. A kan taga a bayansa na hango fitilar nan mai caji da rana da na aiko masa da ita da babbar sallah, fara sol kamar ba a taɓa ta ba. Daga baya Ya'u ya ce mini ba ya bari kowa ya ɗauka. Kullum da safe shi da kansa yake fitar da ita rana, yana kiranta fitilar Malam.

Na shiga na gaida Inna, na miƙa saƙo, aka kawo fura mai sanyi ɗakin Ya'u na sha na ƙoshi. Sannan muka fita neman wuri. A ƙarshen gonar Baba akwai masussuka, fili mai tauri a share, ba bishiya ta gabas, gidaje kuma suna bayana. Na ce nan ya yi.

"Ya'u, abu ɗaya nake roƙo. Daga isha'i har in gama, kada kowa ya zo nan da haske. Ko ashana. Ka gaya wa kowa."

"An gama, boka."

Ya kuwa gaya wa kowa: matan gida, ɗalibai, maƙwabta, har Bafulatanin da ya sauka a gonar gaba. Mutum ɗaya ya tsallake. Wane ɗa ne zai tsaya gaban Alaramma ya ce masa kada ya kunna fitila a gonarsa? Ni ma da an bar ni da saƙon ba zan iya ba. Kuma ni da Ya'u duka mun ɗauka ba zai taɓa zuwa ba, tunda daga masallaci zaure yake komawa.

A masussuka

Na haɗa magariba da shirin kaya, na yi isha'i a nan kan tabarma. Sama ta buɗe yadda ban taɓa gani a Dutse ba, taurari kamar an watsa gero. Na sha wuya kafin in samo 'yan ukun nan masu kama da murhu, sannan ɗan ɗigon nawa ya fito a kwamfuta yana ƙyafta ido. Ya'u ya gaji da tsayuwa ya ce bari ya je ya tare hanya, kada yara su biyo. Ya bi ta hanyar rijiya, na saura ni kaɗai.

An ce abin zai faru wajen tara saura kwata. Da sauran 'yan mintuna na danna, hotuna suka fara shiga. Shekara nawa ina karanta labarin irin wannan a ƙasashen wasu, yau ga shi ya biyo ta kan gonar surukina.

Saura kamar minti ɗaya, kwamfutar ta yi fari fat. Haske ya zubo ta bayana, ya cika masussukar, ya shiga bakin bututun. Ban waiwaya ba. Na ɗauka cikin ɗalibai ne wani ya ƙi jin magana.

"Kai! Wane marar hankali ne wannan? Kashe fitilar nan! Kashe ta, na ce!"

Muryata ta tafi har cikin gari, don na ji karnuka sun amsa. Hasken ya ɗauke nan take. Sai wata murya a hankali, dab da ni.

"To, Malam. A yi haƙuri."

Baba Alaramma ne. Ko cikin barci na san muryar nan.

Zagin na farko kuskure ne, ban san shi ba ne, kuma da a nan abin ya tsaya da ina da bakin magana. Abin da ke cina shi ne wanda ya biyo baya. Tauraron ya dawo a kwamfuta, lokaci ya yi daidai, kyamara tana aikinta ba ta bukatata. Ba abin da zai hana ni in tashi, in durƙusa a gabansa, in kama ƙafarsa. Amma na ce a raina, bari dai in ga ɓuyan, yanzun nan ne, in ya so sai in tashi in nuna masa, ya ga dalili. Na zauna ƙyam idona a kan ɗigon nan, dattijo yana tsaye a bayana cikin duhu. Ina jin numfashinsa.

Lokacin ya zo. Tauraron yana nan. Lokacin ya wuce. Yana nan daram, ko ƙyaftawar kirki bai yi ba. Na ce ƙila lissafi ne ya ɗan makara, na ƙara jira. Ban san tsawon zaman da na yi ba. Sai na ji ƙarar karan dawa a ƙarƙashin takalmi, a hankali, tana nisa. Yana komawa gida ta cikin kunyoyin gona, kuma bai kunna fitilar ba.

Da na miƙe na bi shi da jar tocilata, har ya shige zaure ya rufo ƙofa. Na tsaya a gindin darbejiya kamar ɓarawo, ban iya sallama ba.

A nan wayata ta yi ƙara. Malam Nura ne, yana ihu.

"Ya ɓuya! Wallahi ya ɓuya! Ɗan kaɗan, amma na kama shi. Kai fa?"

"Ni bai ɓuya ba."

"Ko kaɗan? Allahu akbar! Ai naka ya fi na kowa amfani! Ka ga ke nan gefen abin ya bi tsakanina da kai. Hoton dai bai lalace ba ko?"

Na ce hoton lafiyarsa ƙalau, hasken da ya shiga ya fita kafin lokaci. Ya yi ta sa mini albarka, ni kuwa ina jin sa kamar daga cikin rijiya.

Na koma masussuka, Ya'u ya same ni ina naɗe kaya. Wannan karon bai kira ni boka ba. Ya ce ɗalibai sun gaya masa bayan isha'i Baba ya tambayi inda nake, aka ce ina masussuka. Ya ce da wace fitila? Aka ce babu. Sai ransa ya ɓaci, ya ce a ce mijin 'yarsa yana zaune cikin duhu a gonarsa, lokacin kaka da macizai ke bin dami, gida cike da mutane an rasa mai kai masa haske? Ya ɗauki fitilarsa, wani ɗalibi ya miƙe zai karɓa, Baba ya ce a'a, shi zai kai da kansa. Baba ya ƙara da cewa dama Hajara ta yi masa waya ta ce abin kallo ne na ikon Allah, yana so ya gani.

Ban runtsa ba a daren nan.

Safiya, da hanyar gida

Bayan an idar da sallar asuba na jira mutane suka watse, na je na durƙusa. Na ga babban yatsan ƙafarsa na dama ɗaure da tsumma, jini ya ɗan fito ta jiki. Kututturen dawa ne. Na buɗe baki.

"Baba, jiya..."

"An tashi lafiya, Malam? Ya baƙunta? Sauro bai dame ka ba?"

"Lafiya lau, Baba. Dama jiya ni..."

"Ba komai. Mai aiki ba a shiga masa aiki. Tauraron ya ɓuya?"

"Bai ɓuya ba, Baba."

Ya ja carbinsa.

"To. Allah ya sa haka shi ne alheri. Ka gaida yaran."

Da ya yi mini faɗa, ko ya ɗaure fuska, da na samu inda zan sa haƙurina. Bai bar mini ko ƙofa ba. Ya sa albarka yadda ya saba, na tashi yadda na saba.

Inna ta haɗa tsaraba: gero, wake, kuka, da zabi biyu da aka ɗaure wa ƙafa. Ya'u ya kai ni Miga. Da mota ta kusa tashi sai ya miƙo mini wani ƙunshi ta taga, a naɗe cikin tsohon rawani. Na taɓa na gane fitilar ce.

"Baba ya dawo mini da ita ke nan?"

"A'a. Da safe ya tambaye ni me ya sa tocilarka take ja, na gaya masa. Shi ne ya ce a ba ka wannan ka ɗaure mata irin ledar, yadda ya kamata. In tauraron zai sake wucewa ka zo masa da ita, don in ya zo kallo kada ya ƙara ɓata maka aiki."

Mota ta tashi. Daga Miga zuwa Jahun, daga Jahun zuwa Kiyawa, ban san me muka wuce ba. A shingen jiya jami'in nan ya gane ni, ya ce, "Mai kuka a kife, an dace?" Na ce an gode Allah. Madubin yana gefen taga a kujerarsa, zabi suna kuka a ƙarƙashin ƙafata, fitilar tana kan cinyata na riƙe ta da hannu biyu.

Ana kiran azahar na shiga gida. Hajara ta karɓi kaya, ta kwance rawanin, ta ga fitilar, ta dube ni. Labari ya riga ni isowa, na gani a idonta. Ta kawo mini ruwa.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Ina gode wa Malam Nura da iyalinsa, da Ya'u da mashin ɗinsa, da Inna, da direbobin da suka haƙura da fasinjana. Malam Nura ya ce an karɓi hotunana, kuma za a sa sunana cikin waɗanda suka auna. Na tambaye shi yaushe inuwar abin nan za ta sake biyowa ta kanmu. Ya yi dariya, ya ce ƙila jikokinmu su gani.

Fitilar na ɗaure mata jar leda tun a daren da na dawo. Kullum da safe Hajara takan fitar da ita rana ta yi caji, da yamma ta mayar da ita kan taga. Can ƙauye kuwa, Ya'u ya ce, Baba da sanda yake lalube zuwa masallaci da asuba, kuma ya hana a saya masa wata, ya ce tasa tana wajen Malam ana gyarawa.